Bin sawun kalmar “quell”: abin da na rubuta rana-rana

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na dawo bakin aiki bayan hutun ƙarshen shekara. Ga wanda bai san inda aka kwana ba, ɗan kundi nake haɗawa na aikatau na Turanci da suka fi addabar masu fassara labarai zuwa Hausa, don amfanin yaran da ke shigowa ɗakin labarai ba su da mai kama musu hannu. Kowace kalma da katinta: ma'ana, asali a taƙaice, jimla biyu ko uku, sai kalmomin Hausa da za su iya tsaya mata. Kati 61 ne a kwalin waɗanda aka gama. Yanzu na iso harafin Q, inda na ware kalmomi uku kacal: quash, quell da quench.

Na ɗauki quell da niyyar in sallame ta kafin la'asar, tunda kullum muna cin karo da ita. Na rubuta mata “kwantar da” da “murƙushe”, har na miƙa hannu zan jefa katin a kwali, sai na sake duban abin da na rubuta. Waɗannan biyun ai ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Uwa ce ke kwantar da jariri, likita ya kwantar da mara lafiya, dattijo ya kwantar wa jama'a da hankali. Murƙushewa kuwa sai an danne, an taka, an ji ƙashi ya amsa. Yaya aka yi kalma guda ta ɗauki goyo biyu masu saɓanin hali haka? Ruwa ba ya tsami banza. Na mayar da katin gefe.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kwana uku ina tsintar jimloli daga jaridun Turanci, na gida da na waje, da kuma tsofaffin kwafin labarai da na adana tun ina aikin rediyo. Na samu arba'in. Na rubuta kowace a guntuwar takarda, na baje su a tabarma, na shiga rarrabewa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Tari uku suka fito. Na farko, wanda ya fi sauran tudu, na titi ne da fagen fama: riot, uprising, unrest, protest, mutiny, wato tarzoma da bore da tawaye da zanga-zanga. Mai aikatawa kusan kullum soja ne, ko ɗan sanda, ko gwamnati. Na biyu na zuci ne da na baki: fears, doubts, rumours, anger. Babban banki ya fito ya yi magana don kawar da fargabar masu ajiya, ko kakakin ƙungiyar ƙwallo ya fito ya kashe jita-jitar cewa za a sallami koci. Na uku ɗan ƙarami ne, na jiki: yunwa, tashin zuciya, raɗaɗi. Akwai guda ɗaya da ta ƙi shiga ko'ina, daga wani ƙagaggen labari, “a quelling look”. Ita ta fi mini sauƙi, domin duk wanda uwa ta raina ya san kallon nan guda da ake yi wa yaro a gaban baƙi ya shiga taitayinsa.

Abu biyu na lura da su. Kalmar so-karɓau ce, dole a faɗi abin da aka yi wa aikin. Ƙura takan lafa da kanta, zuciya ta huce da kanta, amma quell sai wani ya sa hannu. Sannan a cikin arba'in ɗin nan babu inda abin da aka tsayar ya zama abin so a idon marubucin. Wanda ya zaɓi kalmar ya riga ya yanke hukunci cewa fitina aka tare. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Talata, 14 ga Janairu

Yini na yi a ɗakin karatu na jami'a, gaban babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928. Ɗabi'arsa ita ce ya jera ma'anonin kalma bisa shekaru, yaya kafin ƙani. Ma'anar farko da ya ba quell ita ce kisa. Ba kisan wuta ko na jita-jita ba, kisan mutum.

A Turancin dauri, harshen ƙabilun da suka ƙetaro teku daga gaɓar arewacin Jamus da Denmak zuwa Birtaniya a ƙarni na 5, ana rubuta ta cwellan. Da dare na buɗe ƙamus ɗin Turancin dauri na Bosworth da Toller na 1898 a intanet, sai ga gidan gaba ɗaya: cwelan, mutuwa, cwellan, sa wani ya mutu, cwalu, kisa, cwealm, mutuwa ko annoba, cwellere, makashi, ko hauni mai zartar da hukuncin sarki. Babu ko ƙanshin lallashi a cikinsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsakanin cwelan da cwellan. Ɗaya abin ya faru ne, ɗaya an sa ya faru. Turanci na da sauran irin waɗannan tagwaye har yau, sai dai masu magana ba su cika lura ba: sit da set, lie da lay, fall da fell, drink da drench. Zauna da zaunar da ke nan, kwanta da kwantar da, faɗi da kayar da, sha da shayar da. Duk wanda ya yi nahawun Hausa ya san wannan a giredi na 5 cikin tsarin aikatau da masanin Hausa Parsons ya kawo a 1960: fita, fitar da, tsaya, tsayar da. Mu har gobe muna gina sabbin kalmomi a kan wannan tsari, su kuwa nasu ya daskare tun tuni, saura 'yan burbushi. A gidan cwelan ma yayan ne ya rasu ya bar ƙanin. Yau Bature die yake cewa, kuma ba wanda ke jin mutuwa a cikin quell.

Na nemi in ga kalmar tana aiki a bakin masu ita. Doguwar waƙar nan ta jarumta, Beowulf, wadda kwafinta guda ɗaya tak ya rage, rubutun wajen shekara ta 1000, har ta sha da ƙyar daga gobara a 1731, tana da ita. Sarkin mutanen Denmak na faɗa wa jarumin cewa uwar dodon nan mai suna Grendel ta zo ɗaukar fansa saboda daren jiya “Grendel cwealdest”, wato ka kashe Grendel. Jarumin fa hannun dodon ya fizge daga kafaɗa. Wannan shi ne quell na asali.

Asabar, 18 ga Janairu

Dangi na waje. A Jamusanci akwai quälen, azabtarwa, da Qual, azaba. Zaluntar dabbobi ma Tierquälerei suke ce masa. A harshen Holan kwellen, gallazawa. A tsohon harshen mutanen Sikandinabiya kvelja, ita ma azabtarwa. Can nesa a harshen Lituwaniya akwai gelti, harbi irin na zuma ko zogi. Masana sun haɗa su duka a tushe guda mai nufin suka ko raɗaɗi. Ashe 'yan'uwan na ƙetare sun tsaya a kan azaba, Turanci ne ya zarce zuwa kisa, daga baya ya juyo ya sauko ƙasa da inda suka tsaya.

Tarko biyu zan sa a katin. Jamusanci na da Quelle, maɓuɓɓugar ruwa, kuma ita ce kalmarsu ta majiyar labari. Kama ce kawai, tushenta daban. Na biyun wani abokina ɗan Maraɗi ya tuna mini da muka yi waya. Ina karanta masa haruffan sai ya ce, “Ɗan'uwa, mu nan ai yaro ɗan firamare ya san ta, da ita ake tambayar ƙarfe nawa.” Yana nufin quelle ta Faransanci, “wace”, wadda ake furtawa kel, daga Latin qualis. Tunda ina fatan kundin ya ƙetara iyaka zuwa gidajen rediyon Nijar, layi ɗaya na gargaɗi ya zama dole.

Lahadi, 19 ga Janairu

Hazo ya sauko, mura ta kama ni. Ban taɓa kati ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na warware, na koma kan tambaya biyu: yaushe cw ya koma qu, kuma yaushe kisa ya fita?

Ta farko mai sauƙi ce. Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, fada da kotu da manyan coci suka koma hannun masu Faransanci. Marubutan da suka tashi a wannan zamani sun saba da qu na Latin da Faransanci, sai a hankali suka ɗora shi kan kalmomin gida. Cwen ta zama queen, cwic ta zama quick, cwellan ta zama quellen, daga baya wutsiyar ta faɗi. Furuci bai canza ba, riga ce aka sauya. Shi ya sa mai kallo daga nesa zai zaci baƙuwa ce daga Latin kamar question ko quality, alhali 'yar asalin gida ce.

Wani abu da ya burge ni: a da shuɗaɗɗen lokacinta cwealde ne, sawu ɗaya da tealde da sealde waɗanda suka haifi told da sold. Da ta bi 'yan ajinta, da yau quold ake cewa. Amma tell da sell kullum suna bakin mutane, ba a samu sararin yi musu kwaskwarima ba. Ita kuwa da ta ja baya daga maganar yau da kullum sai aka yi mata ɗinkin kowa da kowa, quelled.

Ta biyun ce mai tsawo. Wajen shekara ta 1200 wata kalma ta fara bayyana a rubuce, kill, da ma'anar duka, kafin ta karɓi ma'anar kisa. Ga kuma slay tsohuwa tana nan daram. Gida ɗaya ya yi wa mutum uku kaɗan. Ƙamusoshin tarihi sun nuna cewa wajen 1300 an riga an fara amfani da quell a kan kashe abin da ba rai gare shi ba, a hana shi ci gaba. Zuwa ƙarni na 16 kuma ta zauna a kan danne masu bore da tilasta musu biyayya. Tsohuwar ma'anar ba ta fita rana ɗaya ba. An daɗe ana kiran mai kisan kai manqueller. A wasan Macbeth na Shakespeare, na wajen 1606, lokacin da matar Macbeth ke kitsa yadda za a kashe Sarki Duncan a ɗora wa dogarawansa da aka bugar da giya, abin da ta kira kisan shi ne “our great quell”. Masu kallo na lokacin sun gane ba tare da tafinta ba. Da aka zo 1755, Samuel Johnson a ƙamus ɗinsa ya rubuta: “To crush, to subdue, originally, to kill.” Kalmar originally, wato a asali, ita ce shaida. A shekara ɗari da hamsin kisa ya tashi daga ma'ana ya koma tarihi.

Ba ita kaɗai ta yi irin wannan sanyi ba. Starve a da mutuwa ce ko ta wace hanya, kamar yadda sterben take har yau a Jamusanci; yanzu Bature da ya makara cin rana sai ya ce yana starving. Mu ma mukan ce yunwa za ta kashe mu alhali tuwo na kan wuta.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na kai wa tsohon malamina gaisuwa, wanda ya koya mini fassara shekarar da na fara aiki. Ya haura tamanin, idon ya yi rauni, amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Na same shi a zaure yana jin ɗumin hantsi, rediyonsa ƙarama a kan buzu. Bayan gaisuwa na ce, “Allah ya gafarta Malam, wata kalma ce ta hana ni barci.” Na kwashe labarin cwellan tun daga dodo har Johnson na faɗa masa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, ka je har Ingila neman abin da ke cikin aljihunka. Lissafo mini abin da Bahaushe ke kashewa.”

Na fara: mutum, maciji, wuta. Ya ce in ci gaba. Fitila, rediyo, gobara, ƙishirwa. Ya karɓe: kuɗi, aure, magana, kasuwa, baki, ido, murya, jiki. Yana faɗa yana naɗe yatsu har hannu biyu suka ƙare. Ya ce, “To ka gani. Mu muka riƙe duka a kalma ɗaya, kisan rai da kisan ƙishirwa, ba wanda ya ruɗe. Su suka raba, suka ba kill jini, suka bar wa quell sauran. Amma wuƙa ko an mai da ita ta yankan albasa, wuƙa ce.”

Wannan ya buɗe mini ƙofa. Ga tari na biyu da na uku, “kashe” ta fi “kwantar da” zama daidai a wurare da yawa: kashe jita-jita, kashe magana, kashe yunwa, kashe wutar rikici. Kuma ita ce fassarar da ta bi sawun kalmar tun daga tushe.

Ya kuma tuna mini da quench, wadda ke jirana a layi. Ita daga kashe wuta ta fara, amma a Turancin buroka na ƙasar nan in aka ce mutum ya yi quench, to ya mutu. Hanya ɗaya ce, wannan ta hau, waccan ta sauko.

Da zan tafi na tambaye shi me suka yi amfani da shi a Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine a Kano, da sojoji suka shiga 'Yan Awaki. Ya ce a kwanakin farko “shawo kan” suka riƙa cewa, domin shi hukuma ke so a ji. Daga baya alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 suka rasu. Ya ce tun daga nan ya kafa wa kansa doka: ba ya fassara aikatau na kan labari sai ya karanta labarin har gindinsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na yi ta jinkirin rubuta wannan, amma in ban rubuta ba kundin bai cika gaskiya ba.

Shekaru da suka wuce, ina kan teburin dare a gidan rediyon da nake aiki, saura minti goma labarai, sai ga rahoto daga kamfanin dillancin labarai cewa jami'an tsaro sun yi quell ɗin wani protest a wani gari. Ban karanta sakin layi na huɗu ba. Hannuna ya rubuta abin da ya saba: “jami'an tsaro sun kwantar da tarzoma”. Aka karanta, aka wuce.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo har bakin ƙofa yana neman wanda ya rubuta labarin. Ya kai shekara arba'in, rigarsa duk ƙurar mota. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, ƙanena na cikin waɗanda aka kwantar ɗin. Jiya muka kai shi.” Ya ce yaron kwali kawai ya riƙe. Na rasa inda zan sa idona. Na ba shi haƙuri, na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya juya. Magana zarar bunu ce.

Sai yanzu da nake wannan aiki na gane cewa kuskure biyu na yi a jimla ɗaya. Na farko, “kwantar da” ta shafe harsashi. Na biyu ya fi muni, kuma shi ne ba na so yaran nan su maimaita: a bakinmu “kwantar da” da “tarzoma” sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, har rundunar 'yan sanda guda muke kira 'yan sandan kwantar da tarzoma. Da na ɗauko aikatau ɗin, sai ya jawo abokinsa ba tare da na sani ba. Rahoton protest ya ce, zanga-zanga. Ni na mai da masu zanga-zanga 'yan tarzoma, na ba wanda ya harbe su hujja, a cikin kalma uku.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ranar ta zo daidai da abin da nake karantawa. A rana irin ta yau a 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato, wata rundunar sojan doki ta fita zuwa Satiru, ƙauye mai nisan kamar mil 14 daga birnin, don kama jagororin wani yunƙuri na Mahadiyya. Mutanen garin, talakawa da bayin da suka gudo, da gatura da fartanyoyi a hannu, suka auka musu, suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu a ƙarƙashin Manjo Goodwin, da sojoji fiye da 500 da bindiga mai ruwa. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Duk wannan, a Turanci, jimla mai kalma biyar na iya ɗauke shi: the rising was quickly quelled. Ba ƙarya a ciki. Babu kuma gawa ko ɗaya.

Don kada a ce abin na mulkin mallaka ne kawai, na duba gidansu. A 1715 majalisar Birtaniya ta yi dokar tarzoma: in mutum 12 ko fiye suka taru ana hargitsi, jami'i zai karanta musu shela, a ba su awa guda su watse, wanda ya ƙi, laifinsa na kisa ne, kuma wanda ya kashe shi garin tarwatsawa doka ta kare shi. Ranar 16 ga Agusta 1819 kimanin mutum 60,000 suka taru a filin St Peter a Manchester suna neman a gyara tsarin zaɓen majalisa. Sojan doki suka kutsa cikinsu da takubba, aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Jama'a suka raɗa wa ranar Peterloo, suna kwatanta ta da yaƙin Waterloo na 1815. A wurin mahukuntan garin an tare fitina ne. A wurin waɗanda suka binne 'yan'uwansu kisan gilla ne.

Abin da na fahimta ke nan: kalmar tana faɗin sakamako, tana rufe hanya. Ta ce abu ya tsaya. Ba ta ce da lallashi ne, ko da barkonon tsohuwa, ko da harsashi ba. Bature mai karatu ya saba da wannan gibin, yakan nemi cikon a ƙasa. Hausa kuwa ba ta ba mu kalma mai rufa-rufa irin wannan ba. Ko ka ce an kwantar, ko an tarwatsa, ko an murƙushe, ko an yafa ruwa, kowace ka ɗauka ka faɗi yadda aka yi. Ina ganin wannan ƙarfi ne ga harshenmu, amma nauyi ne a wuyan mai fassara, domin shi zai ba da shaidar da marubucin Turancin ya kauce wa bayarwa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Maƙwabta, a gurguje, don layin “duba kuma”. Allay daga alecgan ta Turancin dauri take, ajiyewa ƙasa, shimfiɗarwa. Ita ce “kwantar da” ta haƙiƙa, kuma da tsoro da zargi take tafiya, ba a kai ta titi. Calm ta biyo ta Faransanci da Italiyanci daga kauma ta Girkanci, zafin rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, komai ya yi tsit, kamar ƙailularmu. Pacify daga pax ta Latin, zaman lafiya, amma duk wanda ya karanta tarihin Arewa ya san pacification shi ne sunan da Turawa suka ba yaƙe-yaƙen da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ita da quell sun yi musayar riga: ɗaya ta fito daga salama ta je ta rufe kisa, ɗaya ta fito daga kisa ta je ta zama lallashi. Pacify za ta samu dogon kati nata. Zan koma harafin P in sake shi.

Da yamma na gwada yara shida masu koyon aiki. Na ba su kanun labari guda mai quell, na ba uku cikakken labarin da aka sasanta da shugabannin 'yan kasuwa, ukun kuma wanda aka yi harbi. Biyar suka rubuta “kwantar da tarzoma” ba tare da sun juya takardar ba. Ta shidan, yarinya mai shiru-shiru da ke zama kusa da taga, ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, a nawa an kashe mutum uku. In ce an kwantar?” Na ce mata me take gani. Ta rubuta: “'Yan sanda sun tarwatsa masu zanga-zanga da ƙarfin bindiga, mutum uku sun rasu.” Na sa ta karanta wa sauran sau biyu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, ina so in rufe Q kafin a ga wata. Kati ɗaya bai isa ba, na manna na biyu a bayansa. Ga abin da ke kai yanzu.

Quell, aikatau so-karɓau, ana furta ta kwel. Tsayar da abu da ƙarfi ko da dabara har ya daina. Asali: cwellan, kashewa, a Turancin dauri, kisan rai ya fita daga ma'anarta, amma tilas bai fita ba. Ba ta da alaƙa da quelle ta Faransanci ko Quelle ta Jamusanci.

In abin na zuci ne ko na baki: kwantar da hankali, kawar da fargaba, cire shakku, kashe jita-jita, sanyaya zuciya. In na jiki ne: kashe yunwa, rage raɗaɗi, tsayar da tashin zuciya. In na taro ne ko bore, kada a fassara sai an karanta labarin duka. An yi sulhu: shawo kan, yayyafa ruwa, kashe wutar rikici. An kori mutane ba a rasa rai ba: tarwatsa. An hana abin tun bai tashi ba: daƙile. An zubar da jini: murƙushe, a kuma faɗi adadin a jimlar farko. “Kwantar da tarzoma” sai in rahoton da kansa ya ce riot. In protest ya ce, zanga-zanga ce, a bar ta a haka.

Na karanta wa Malam ta waya. Ya ce in cire “sanyaya zuciya”, ta fi dacewa da soothe, in kuma ƙara misali guda na kallon uwa don yara su riƙe. Na cire, na ƙara. Kati na 62 ya shiga kwali. Gobe bayan sallar Juma'a zan ɗauki quash, wadda ke da ƙafa ɗaya a kotu, ɗaya a titi. Na riga na nemi wani lauya ya ba ni rabin awa a kan bambancin soke hukunci da rushe shi.